Katin Iya a Cikin Laya

Tun ranar da aka gama zaɓen nan kun hana ni sakat. Wanda ya kawo ɗinki sai ya tambaya, wanda ya zo karɓa sai ya tambaya, har Malam Sani mai wankin hula, da bai taɓa wuce Funtuwa ba, ya tsare ni a bakin masallaci wai yaya ƙasar Faransa take, wato Nijar. Wasunku kuma na sani ba Maraɗin ce ta dame ku ba. So kuke ku ji yadda aka yi ni Lawal Tela, da na cika rumfar nan da surutun siyasa wata da watanni, na yi zaɓe huɗu a jere, amma ranar na shugaban ƙasa aka ga ɗan yatsana fari fat. To ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya sake tambayata bayan yau ya nemi wani telan.

Ni ne ɗan farin Iya, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a birnin nan. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin goggona a Tukur-Tukur, can na girma. In Iya tana son magana da ni, ko ina tsaye a gabanta, sai ta dubi wani ta ce, "Ku gaya wa wancan." Ranar da take jin daɗina ƙwarai ta ce "yayan Binta". Na saba, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, ko dai in ce haka nake gaya wa kaina.

Farkon bara masu rajista suka biyo gida-gida a nan Limancin Kona. Maza ne, ba damar shiga ciki, a zaure suka tsaya. Ni na fito tunda Baba ya rasu. Na fara jero sunayen mutanen gida, na ce Ramatu. Malamin ya ce, "Ramatu wa? Sunan uba ko na maigida." Ni kuwa ga ɗinkin biki na bari a kan keke, na ce masa maigida ai ni ne. Ya rubuta Ramatu Lawal. Da na shiga na karanta mata, ta kau da kai kamar na zage ta, ta ce wa matata, "Wancan ba shi da ta ido." Amma da hannu biyu ta karɓi katin.

Da dalili. A zaɓen da aka yi gab da samun mulkin kai, Iya ce ke dafa wa su Baba abinci in sun fita neman jama'a. Ranar jefa ƙuri'a ta kai musu fura, ta ga layi, ta ajiye ƙwarya ta shiga. Wani ɗan doka ya ce mata ba sa zaɓe, ta ce ina aka rubuta, ya zuba mata bulala a dantse. Tabon yana nan har gobe. Tun daga ranar take cewa in Allah ya yarda ba za ta mutu ba sai ta sa hannunta a bakin akwatin nan.

Bayan rajista da 'yan watanni ƙanwata Binta, da ke aure a Maraɗi, ta haihu. Iya ta tafi wankan jego, ciwon ƙafa ya kama ta a can, ta shekara har da ɗoriya. Asabar huɗu aka yi ana zaɓe tana kwance. Ranar wata Litinin cikin azumi wani direba ya tsaya a bakin rumfata da saƙo, ya ce an ce ya faɗa yadda aka faɗa masa: "A gaya wa wancan saura guda ɗaya. In bai zo ya ɗauke ni ba, da ƙafa zan taho."

Laraba da sassafe na hau kiya-kiya zuwa Katsina. Ba mu kai Giwa ba gardama ta kaure tsakanin wani mai goro da wani malamin asibiti kan wanda zai ci. Kafin Malumfashi an kai ga cin kwala. Direba ya taka birki ya ce wallahi wanda ya sake ambaton jam'iyya a motarsa a dajin nan zai yi buɗa-baki. Aka yi tsit. Ni ma da nake da abin faɗa cike da baki na haɗiye. A cikin shirun nan ne wani mai rediyo a bayana ya raɗa mini cewa ya ji ana cewa ranar Juma'a za a rufe iyaka sai bayan zaɓe. Na ce a rediyo ya ji? Ya ce a'a, a tasha. Daga nan ban sake samun natsuwa ba.

Fita ba ta yi wuya ba. A Jibiya aka dubi takardar harajina aka ce in wuce. A Ɗan Isa wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo mai gajeren wando, ya ce, "Mi ya kawo ka?" Na ce uwata na zo ɗauka. Ya ce, "Tahi, Allah shi ba ka lada." Hausarsu ke nan, munka zo, sunka tahi, sai ka kasa kunne sosai.

Maraɗi gari ne na kasuwa, mutanen kirki, amma akwai abin mamaki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ba a naɗe shi a takarda, a hammata ake saƙale shi a yi ta yawo. Na gatsa ɓawon ya kusa cire mini haƙori. Amma fura, ku yi haƙuri Zazzagawa, ba mu iya fura ba. Da aka sha ruwa mijin Binta, Alhaji Ila, ya sa aka kawo dambun zogale da gasasshen nama, muna ci ya leƙa ƙofar zaure, ya dawo ya rage murya.

"Malam Lawal, wai da gaske sojanku da kansu za su miƙa mulki?"

Na ce haka suka ce, ga shi har an yi zaɓe huɗu.

Ya girgiza kai ya ce, "Kuma kowa shi hau mota shi zagi wanda ya ga dama?"

Na ce har da cin kwala. Ya yi dariya, amma sai da ya sake leƙa ƙofa. A can ba a maganar gwamnati da ƙarfi. Mu da muke ganin hayaniyarmu ta yi yawa, ranar na ji ina son ta.

Iya kuwa da na gan ta gabana ya faɗi. Ta rame, tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Na ce wa Binta ta tambaye ta ina katin. Iya ta sa hannu a wuya ta jawo wata laya sabuwa-sabuwa, ta jar fata, ɗinkin baduku mai kyau.

Na ce, "Binta, mene ne wannan?"

Binta ta ce, "Yaya, katin ne. Tun zuwanta ta ce kar gara ta ci ko yara su yaga, ta sa aka ninke shi aka ɗinke mata. Ko wanka ba ta cirewa."

Inna lillahi! Ni tela ne, na san abin da jar fata ke yi wa farin yadi in ta sha gumi, balle takarda, balle shekara guda. Na ce a ba ni in farke mu gani. Iya ta mayar da layar cikin riga ta ce wa Binta, "Gaya wa wancan ba a buɗewa sai a gaban akwati."

Na so mu juyo ranar Alhamis. Ina! Iya ta ce ba za ta bar gari ba sai ta yi sallama da duk gidan da aka zo duba ta da ciwo. Gida goma sha ɗaya, da sanda, da azumi a bakinta. Ina biye da ita ina cizon yatsa, kowane gida sai an zauna, sai an yi addu'a, sai an kawo tsaraba. Rana ta faɗi muna gida na tara.

Juma'a da safe muka iso iyaka. Ɓangarensu lafiya lau. Namu ne aka tsaurara, wai an ce ana ɗebo baƙi a mota a shigo da su su yi zaɓe. Aka sauke mu duka, aka jera. Wanda ya zo kanmu wani matashin jami'i ne, ba Bahaushe ba, Hausar tasa ta bariki. Ya dubi takardata, ya dubi Iya.

"Mama, ina takarda naka?"

Iya ta dafa ƙirji inda layar take. Na ce masa uwata ce, 'yar birnin Zariya, gida za mu. Ya ɗaga mini hannu.

"Mama, wannan mutum wane ne?"

Ta ce, "Yayan Binta ne."

"Mene ne suna nasa?"

Ya sake tambaya. Iya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Na ce, ranka ya daɗe, al'ada ce, ni ɗan fari ne. Ya ce wace irin al'ada ce uwa ba ta san sunan ɗanta ba, shi ba yaro ba ne, ya ga irinmu da yawa tun safe. Ya sa aka sauke kayanmu. Ina ji ina gani motarmu ta tashi ta bar mu a gindin wata bishiyar bedi, ga ƙarfen tsare hanya ana ta ɗagawa ana saukewa, kowace saukewa sai in ce shi ke nan an rufe.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni, kun dai san halina. Na juya na ce, "Haba Iya! Sunan nan garwashi ne da zai ƙona miki baki? Kalma ɗaya! Kin taso ni tun daga Zariya, kalma ɗaya ta gagare ki?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ba ta dube ni ba. Ta juya wurin wata mai tallan gyaɗa da ke zaune kusa, ta ce a hankali, "Baiwar Allah, ki gaya wa wancan ba a yi mini tsawa a kan hanya." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuma a ƙasan kunyar akwai wani abu da ban taɓa yarda da shi ba sai a gindin bedin nan: abin yana yi mini ciwo, ya daɗe yana yi mini ciwo.

Sai bayan an sauko daga masallacin Juma'a babbansu ya zo, wani dattijo Bakatsine mai furfura a gemu. Aka gaya masa. Ya dube ni ya dube ta ya ce, "Ɗan fari ne?" Na ce shi ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa yaron nasa ko shi uwarsa har ta rasu ba ta kira sunansa ba. Sannan ya durƙusa ya ce, "Iya, in ke Bazazzagiya ce, ta wace ƙofa ake shiga garinku?" Iya ta ɗago. Ƙofar Doka, Ƙofar Kona, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, ta yi ta jerowa har da gaya masa wadda ake bi in za a kai gawa. Ya ce ya isa, a ɗora musu kaya. Ko an rufe iyakar bayanmu ko ba a rufe ba, ban tsaya tambaya ba.

A-kori-kura ta kai mu Katsina da la'asar, muka samu motar ƙarshe mai zuwa Funtuwa. Mun wuce Kankiya hadari ya haɗo. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tagar motar kuma ba gilashi, Iya ta jiƙe sharkaf, ni kuwa idona na kan wuyanta. Kafin Malumfashi muka tarar ruwa ya haye wani kwalbati, wata gingimari ta kafe a tsakiya ta tare hanya gaba ɗaya. Direba ya ce sai gobe.

Wani ƙauye ne a gefen hanya, ko sunansa ban riƙe ba. Wata mai tuwo da ake kira Gwoggo Abu ta ja Iya ɗakinta ta ba ta busasshen zane, mu maza aka ba mu zauren mai gari. Tuwon dawa da miyar yakuwa muka sha ruwa da shi, ba nama, amma ban taɓa cin tuwo da godiya irin wannan ba. Na roƙi Gwoggo Abu ta lallashi Iya ta ajiye azumin gobe, ga tafiya ga ciwo. Amsar da ta dawo da ita ita ce, a gaya wa wancan da azuminta za ta jefa.

Gari ya waye Asabar, ranar zaɓe, muna nan. A ƙauyen ma an kafa rumfa a gindin tsamiya, layin maza daban na mata daban. Iya ta dogara sanda ta je ta tsaya tana kallon mata suna shiga bayan zana suna fitowa da shuɗin yatsa. Na je na roƙi malamin zaɓen ko za ta jefa a nan. Ya ce, "Malam, ko uwata ce ba dama. Inda aka rubuta mutum nan zai jefa, sunanta yana littafin unguwarku." Iya ta ji. Ta koma bakin hanya ta zauna a kan ƙullin kayanta ta fuskanci kudu.

Sai wajen azahar aka janye gingimarin. Motoci sun yi ƙaranci, da ƙyar wani mai motar itace ya yarda ya sa Iya a gaba, ni na hau kan itacen. Funtuwa, Giwa, Samaru, ina kallon rana tana sauka ina jin kamar in sauka in tura motar. An yi la'asar da daɗewa muka shiga Ƙofar Doka. Daga nan muka ɗauki tasi, ta ajiye mu a bakin lungu saboda laka. Na durƙusa na ce ta hau bayana. Ta yi jim, ba wanda za ta aika da saƙo, sai ta hau. Ba nauyi ko kaɗan. Muna tafe na ji ta ce wa iska, "A gaya wa wancan ya bi a hankali, akwai santsi."

A makarantar firamare aka yi namu. Layin mata saura mutum uku. Shugaban rumfar Malam Bulus ne, wani malamin makaranta daga Wusasa, mutum mai haƙuri, ga wakilan jam'iyyu zaune a benci, ga ɗan sanda a bakin ƙofa. Da aka zo kan Iya ta ciro layar ta ajiye a kan tebur. Aka yi ta kallon-kallo. Na fito da ɗan almakashina na farke ɗinkin.

Abin da na ji tsoro shi ne. Katin ya zama ja jawur, ya manne, ina buɗewa yana rabewa a kan ninki. Hatimin hukuma ana ɗan gane shi. Suna kuwa babu, ko harafi ɗaya.

Iya ta ce wa Malam Bulus, "Ga shi nan, ɗana. Tun da munka tafi ban bari ko ƙuda ya taɓa shi ba."

Wani wakili, baƙon ido, ba ɗan unguwarmu ba, ya miƙe tsaye. "Kun ji ko? Munka! Wannan daga Faransa aka ɗauko ta. Kati ba suna, Hausa ba tamu ba. Ban yarda ba."

Maƙwabciyarmu Hajiya Kande da ke bakin taga ta ce, "Kai, rufe mana baki! A lungun nan aka kawo ta amarya kafin a haifi ubanka!" Mata suka ɗauka, maza suka matso, ɗan sanda ya fara ɗaga kulki. Na buɗe baki zan faɗi sunan da ke littafi, wakilin ya ce in na furta zai sa a rubuta an yi maguɗi a soke akwatin duka. Ɗan sanda ya tura ni baya har bakin ƙofa.

Malam Bulus ya dubi agogonsa ya ce saura minti goma ya rufe. Ya ce wa wakilin, me zai gamsar da kai? Ya ce ta faɗi cikakken sunanta da bakinta yadda yake a littafi, kar kowa ya taya ta, in ya dace ya janye. Malam Bulus ya ce, "Iya, sunanki?" Ta ce Ramatu. Ya bi shafi da yatsa, ya ce Ramatu huɗu ne a nan. Sai na ga yatsan ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya san ni, ni ke yi masa ɗinkin Kirsimeti. Bahaushe ne, ya gane abin da ake shirin tambayar ta. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Iya, ki gafarce ni, ba da son raina ba. Ramatu wa?"

Duk matan da ke wurin sun san ko ni wane ne a wurinta. Hajiya Kande ta rufe baki da mayafi. Iya tana tsaye a kan sandarta, kanta a ƙasa, kamar jiya a gindin bedi. Na ce a raina shi ke nan, mun sha wahalar banza, kuma ni na jawo da saurin da na yi a zaure. Sai na ga ta sa hannu ta shafa dantsenta ta saman riga. Leɓenta ya motsa.

Wakilin ya ce, "Ban ji ba."

Iya ta ɗago kai. Ba shi ta duba ba, ba Malam Bulus ba. Ta juyo ta nemo ni a bakin ƙofa, ta dube ni ido cikin ido.

"Lawal," ta ce. "Ramatu Lawal. Ga shi can tsaye. Ni na haife shi."

Malam Bulus ya juya littafin ya nuna wa wakilin, ya ja layi a kan sunan. Mutumin ya koma ya zauna. Aka yago mata takarda mai alamomin jam'iyyu, aka nuna mata tawada, aka ce ta shiga bayan zana ta dangwala a gefen wadda take so, ta ninke ta kawo. Ta ɗan jima a ciki. Ta fito ta zo gaban akwati, ta jingina sandarta da tebur, ta sa takardar da hannu biyu ta tura har sai da yatsunta suka taɓa bakin akwatin.

Wannan shi ne abu na ƙarshe da na gani. Na fita na zagaya bayan ajin na dafa bango, ni da gemuna, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Da na dawo an rufe akwati ana ɗaure shi, katina yana aljihu lafiya lau, da sunana a jiki rangaɗau.

Iya tana zaune a kan benci tana duba shuɗin yatsanta. Na matso na ce, don dai in samu abin faɗa, "Iya, wa kika zaɓa?" Ta juya wurin Hajiya Kande.

"Ki gaya wa wancan ai shi ya sa aka kafa zana. Kuma rana ta kusa faɗuwa, ya zo ya kai ni gida in sha ruwa."

Na durƙusa ta hau.

Tun ranar ba ta sake faɗar sunana ba, na koma wancan, kuma na san haka zan ƙare. Ku yi ta yi mini dariya wai na je har Maraɗi neman ƙuri'a na dawo na zubar da tawa. Sau biyu ta faɗa, a gaban mutanen unguwa, tana kallona. Malam Sani, miƙo mini zaren nan, rigar mutane ce a hannuna.